Ranar da Minista Ya Shanya Fetur

A unguwar manoman shinkafa da ke bakin fadama akwai wani mutum da bai taɓa jin labari a karo na farko ba. Ko yanzu abu ya faru a gabanka ka rugo ka gaya masa, kafin ka kai aya zai ɗaga hannu ya ce, "Ai na sani." Noma kam ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Matsalar ita ce a ganinsa Allah ya halicce shi ne don gyaran ƙasa, noman nan riƙon ƙwarya yake yi kafin a gano shi.

Bara unguwar ta ji jiki. Injin bugun shinkafa ɗaya ne tak a yankin, mai shi yana yawo da shi ƙauye-ƙauye, kowace unguwa yini guda take samu, kuma sharaɗinsa bai taɓa canzawa ba: inji nasa, mai naku. Ranar da layi ya zo kansu fetur ya yi ɓatan dabo a gari. Mai Inji ya zauna har la'asar yana hamma, ya tattara ya wuce gaba. Kafin a gama bugu da sanda ruwan ƙarshen damina ya sauko a kan tsibin da ya rage, shinkafa ta jiƙe ta yi tsiro. Gwaggo, ƙanwar mahaifin mutumin namu, tsohuwa mai 'yar ƙaramar gona, ta zauna gaban tsibinta da ya koma kore shar ta yi kuka har aka ɗaga ta. Ba wanda ya manta.

To bana, shinkafa ta fara nuna, wata safiya ana zaune a teburin Mai Shayi sai rediyo ta ce manyan ƙasashe suna ajiye mai domin ranar tsanani, don ƙasar da ba ta da ajiyar mai, ranar girbi injinanta za su tsaya, abinci ya lalace a gona.

"Ai na sani!" mutumin namu ya daki tebur har kofuna suka yi tsalle. "Wannan tunanina ne suka ɗauka. Rumbun mai! Jama'a, mu da muka gaji ajiyar hatsi tun kaka da kakanni, ruwan fetur ne zai gagare mu? Kowane gida ya riƙa kawo ɗan abin da ya samu, a zuba a duro guda a ɗakin ajiyata. Ranar da inji ya zo, ko hanyar gari ba za mu kalla ba."

Yayansa, mutum mai fuskar da ba ta san dariya ba, ya kurɓi shayi ya ce, "Kai? Kai da ka ajiye makulli a cikin ɗaki ka datse kwaɗo?"

"Wannan ai gwaji ne na yi, Yaya, in ga ko ɓarawo zai iya shiga. Kuma ni kaina ban iya ba, ka ga tsaro ya yi."

Mai Shayi ya cire hula ya rusuna. "Ranka ya daɗe, Ministan Mai!"

Aka kwashe da dariya. Shi kuwa ya gyara zama ya amsa da "Madalla", kuma daga ranar in ba ka ce Minista ba ko waiwayowa ba ya yi.

Abin mamaki, mutane suka yarda, don tsoron bara ya fi ƙarfin sanin halinsa. Wannan ya kawo galan, wancan ya tsiyayo daga babur, wani ya rage daga na injin ban ruwa. Gwaggo ta zo tana dogara sanda, rungume da 'yar jarka da ɗanta direba ya aiko mata. Ta riƙe hannun Minista ta ce, "Ɗan nan, bana kada idona ya ga kore a tsibina."

"Gwaggo, ki sa a ranki an buga, an sheƙe, an ɗinke buhu. Kina da Minista a dangi kina tsoro?"

Da yake shugaba ne, ya ga dole nasa kason ya fi na kowa, sai ya nufi gidan mai. Can ya tarar an hana sayarwa a jarka, sai a tankin abin hawa. Bai damu ba. Ya bi layi ya cika babur, ya zaga bayan katanga, ya zura tiyo ya tsotso ya juye a jarka, ya komo ƙarshen layi. Zuwa na biyu ya canza hula. Zuwa na uku ya juya rigarsa ciki waje. A na gaba ya ɗaure fuska da hankici, ya ƙara da ɗingishi, ya manta cewa mai ɗingishi a kan babur ba a ganin ɗingishinsa sai ya sauka, don haka ya sauka ya riƙa turawa.

Matar da ke zuba mai ta riƙe ƙugu. "Baba, wannan babur naka shan mai yake yi ko wanka?"

"Wane? Ni yanzu na zo. Wanda kika gani ƙanena ne, kama muke."

"Har babur ɗin kama suke? Har madubin da aka ɗaure da igiya?"

"Uba ɗaya ya saya mana."

Masu layi suka ɗauki sowa, ta zuba masa don dariya ta hana ta gardama. Minista ya koma bayan katanga yana jin kansa a sama, ya sa tiyo a baki. Daidai nan wani mai wucewa ya tsaya ya ce, "Malam, ka san abin nan in ya shiga ciki illa yake yi?" Minista ya buɗe maƙogwaro zai ce ai ya sani, fetur ya ga hanya ya bi.

Ya iso gida idanu jajir, yana tafe yana gyatsa, kowace gyatsa sai ka ce an buɗe tanki. Matarsa tana gaban murhu ta juyo da ludayi a hannu.

"Tsaya nan! Kada ka ƙara taku ɗaya. Maigida, me ka sha?"

"Ɗanɗanawa na yi. Shugaba ba ya ajiye wa jama'a abin da bai ɗanɗana ba."

"To shugaba ya je bakin ƙofa ya ci abincinsa. In ka yi mini gyatsa a gaban wutar nan, ni da kai sai dai a tsince mu a gonar maƙwabta."

Duro ya kusa cika, Minista ya shiga aikin ajiya, kuma ya yi shi yadda ya gada. Ya ɗora duron a kan duwatsu saboda danshin ƙasa. Ya zagaye shi da toka saboda ƙwari, ya rataya barkono a sama, ya aro kyanwar Mai Shayi saboda ɓera. Sannan ya zo kan babbar doka, wadda ko yaron goye a gidan manomi ya sani: abin ajiya in ka toshe shi ruf, gumi yake yi ya yi fumfuna. Don haka ya ɗage murfin duron ya tokare shi da kara, don mai ya riƙa shan iska.

Matarsa ta leƙo tana toshe hanci da gefen mayafi. "Ni dai turarena da na taɓa bari a buɗe, da na dawo kwalba na tarar."

"Wa ya ce miki da turare ake tafiyar da ƙasa? Je ki kwashe murhunki ki kai gidan Yaya. Daga yau ba wuta a harabar ma'aikata."

"Wace ma'aikata?"

"Wadda kike tsaye a ciki."

Haka ta riƙa ratsa titi da tukunya safe da yamma, tana tafe tana faɗa wa duk wanda ta gamu da shi irin mijin da Allah ya ba ta. Kyanwar aro ta yini ɗaya a bakin aiki, ta fito tana tangaɗi ta faɗa cikin kwandon wanki, ɓera ya wuce ta gabanta ta bi shi da kallon ƙauna. Kaji suka koma tafiya a karkace. Zakara ya hau katanga da tsakar rana ya yi cara, ya rufe ido don daɗi, ya rikito ta baya. Minista ya ce duk alamun mai mai ƙarfi ne.

Aka yi girbi, kowa ya tara tsibinsa a masussuka ya lulluɓe da abin da ya samu. Sai aka tafka wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari Minista ya shiga ɗakin ajiya, ya fito a guje ba takalmi yana kiran jama'a.

"Ku zo ku ga albarka! Ya ƙaru! Jiya a nan na bar shi, yau ga shi har baki!"

Mutane suka cika ɗakin suna leƙen duro suna salati. Yaya bai leƙa ba. Ya ɗaga kai sama, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tun yaushe ka sa wa rufinka taga?"

Kowa ya ɗaga kai. Daidai saitin duron, kwanon rufi ya ɓule, ga sararin sama tangaran, har wani ɗigo na ƙarshe ya sauko ya ce ɗis a cikin ajiyar ƙasa.

"Ɗan ɗigo ne," in ji Minista. "Bari ku gani." Ya motsa duron da sanda, ya ɗebo ya zuba a babur, ya hau ya buga. Babur ya tashi da ƙarfi, Minista ya ɗaga hannu ɗaya yana gaida jama'a. A tsakiyar titi babur ya yi tari, ya yi atishawa, ya mutu, amma gangara ba ta mutu ba. Ta kai shi har teburin Mai Shayi, ta ajiye shi tsakanin burodi da gwangwanayen madara.

Yana kwance a wurin saƙo ya iso: Mai Inji ya ce jibi ne ranarsu.

Nan fa hankali ya tashi. Aka yi masa rumfa, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Gwaggo kuwa ido kawai ta zuba masa, kuma wannan kallon ya fi duk zagin ciwo. Ya tsorata ƙwarai, amma bakinsa bai san da haka ba. Ya miƙe ya kakkaɓe suga daga gemu.

"Haba jama'a! Ku manoma ne ko masu gyaran agogo? Ruwa ya taɓa kaya, shi ne za ku ɗora hannu a ka? In hatsi ya jiƙa, me ake yi masa?"

Wani daga baya ya ce a hankali, "Shanya."

"Shanya!" Minista ya buɗe hannuwa. "A baza shi a rana, ruwa ya tashi, mai ya zauna. Wa ya taɓa ganin rana ta ɗauke hatsi ta bar ruwa?"

Aka dubi juna. Ba wanda ya taɓa gani. Aka juya ga Yaya ana jiran ya rushe maganar. Ya juya ta ta nan, ya juya ta ta can, ya sosa ƙeya, a ƙarshe ya ce cikin baƙin ciki, "Wallahi na nemi inda zan kama, ban samu ba."

Kafin hantsi ya dubi ludayi babu baho ko daro ko faranti da ya rage a ɗakin wata mace a unguwar. Aka jera su a gefen masussuka, har da tiren Mai Shayi da murfin tukwane. Minista ya bi yana zubawa, yana gargaɗi: "Siriri-siriri, kada a tula! Shanya mai kauri ba ta bushewa." Ya kafa dokar hana wuta daga wannan ƙarshen unguwa zuwa wancan. Mai Shayi ya kashe murhu ya koma sayar da burodi gaya. Aka raba wa mata ludayi su riƙa juyawa, don kowa ya san shanyar da ba a juya ba sama kawai take bushewa.

Rana ta take, iska ta kwanta, wani irin tururi ya riƙa rawa a kan bahunan. Matar da ta fara dariya ba ta san dalili ba. Ta kusa da ita ta tambaye ta mene ne, ita ma ta kama. Kafin azahar masussuka ta koma gidan raha. Maƙwabta biyu da suka shekara ba sa gaisawa saboda iyakar gona suka rungume juna, kowa yana rantsuwa shi ne mai laifi, har suka kusa dambe a kan wa zai bar wa wani kunyar da ke kan iyakar. Gwaggo ta jefar da sanda ta ce ƙafarta ta warke. Matar Minista ta dube shi ta ce ashe yana da kyau, ta sake dubawa ta ce a'a, ta faɗi tana riƙe ciki. Yaya kuwa, Yaya da kansa, aka gan shi zaune a kan turmi yana rera waƙa da wata siririyar murya, yana kaɗa kai, hawaye na zuba.

"Kun gani?" Minista ya hau kan duro yana layi. "Ƙasar da ke da mai, jama'arta cikin farin ciki suke!"

Ana cikin haka wani baƙo ya ɓullo ta hanyar fadama, ya tsaya yana kallon ikon Allah, ya zaro sigari ya maƙala a baki, ya shiga lalube aljihu. Minista ya diro daga duro ya kwasa. Maza suka mara masa baya, mata suka biyo da ludayi. Baƙo ya ɗaga kai ya ga unguwa guda ta taso masa tana ƙyalƙyala dariya, ya zubar da sigari da takalmi ɗaya, ya faɗa fadama ya haye can ƙetare. Har yau ba a san wurin wa ya zo ba.

Da la'asar aka lura mai ya ja baya sosai a kowane baho.

"Minista, raguwa fa yake," in ji Mai Shayi.

"Ai na sani. Ruwan ne ke fita. Kun ga yawan ruwan da ya sha? Gobe a ƙara masa rana, har yanzu da sauran danshi."

Aka ƙara masa rana. A yini na biyu dariya ta yi sauƙi, ciwon kai ya karɓi aiki. Da yamma aka tattara abin da ya rage aka juye a duro, ya tsaya can ƙasa-ƙasa, fari tas, da wani ɗan maiƙo yana yawo a kai. Yaya, wanda ya dawo hayyacinsa kuma ya yi rantsuwa bai taɓa waƙa ba a rayuwarsa, ya sunkuya ya sunsuna.

"Ba ya wari."

"Mai mai kyau ba ya wari, Yaya. Warin ai ƙaiƙayi ne, ya tafi. Wannan tsabarsa ce. Cokali ɗaya na wannan ya fi galan na wancan."

Ranar inji ta zo da rana mai zafi da wani ɗan baƙi-baƙi can gabas. Mai Inji ya iso da injinsa a kan amalanke, bijimai biyu suna ja, don shi ma motarsa ta kwana biyu ba ta ga mai ba. Labarin rumbu ya riga ya zaga, manoman ƙauyukan kusa sun zo ganin yadda ake yi don su kwaikwaya. Minista ya fito cikin babbar riga, ya sa an ɗaura tsumma a bakin duro, ya yanka shi da almakashin matarsa. Ya ɗebo ajiyar a babban baho aka ajiye a tsakiyar fili, sannan ya yi jawabi. Ya yi magana a kan manyan ƙasashe, ya yi a kan ƙanana, ya ce nan gaba kaɗan za a riƙa turo mutane daga ƙetare su koyi shanya a wurinsa.

Mai Inji ya dubi gabas ya ce, "Malam, a zuba mai. Ana jirana a gaba."

Minista ya sa mazurari ya zuba da hannunsa. Mai Inji ya naɗe igiya ya ja. Inji ya ce fut. Ya sake ja. Inji ya yi wani gurnani kamar mai kurkurar baki, ya yi shiru.

"Bai saba da mai mai kyau ba ne," in ji Minista. "Kawo, hannu ne."

Ya tattare riga ya ja, ya ja, ya ja har hularsa ta faɗi. Mai Shayi ya karɓa. Maƙwabtan nan biyu suka ja tare, suka koma zargin juna. Baƙi ma suka sa hannu. Daga ƙarshe Yaya ya ture kowa, ya tofa yawu a tafi, ya taka inji da ƙafa ɗaya ya fizga da ƙarfin fushin shekara da shekaru. Igiya ta tsinke. Yaya ya yi baya-baya ya nutse a cikin tsibin shinkafa, ba a ganin komai sai tafin ƙafafunsa.

Mai Inji ya tsoma yatsa a baho ya kai hanci. Ya sake tsomawa ya kai harshe. Sai ya zaro ashana.

"Kada!" Minista ya ƙwalla ƙara. Fili ya watse. Wasu suka kwanta rub da ciki, wasu suka shige ƙarƙashin amalanke, Mai Shayi ya kifa daro a ka. Mai Inji ya ƙyasta ya jefa a baho. Ashana ta ce tsss, ta mutu, ta shiga yawo a kan ruwa.

Ba wanda ya motsa. Sai ɗaya daga cikin bijiman, wanda ya sha tafiya cikin rana, ya jawo amalanke ya matso, ya hura hanci ya kore maiƙon gefe, ya kafa baki. Jama'a suna kwance suna kallo ya shanye ajiyar ƙasa tas, ya lashe bahon, ya ɗago yana neman ƙari.

"Malam," in ji Mai Inji, "me kuka yi wa man?"

Murya ta fito daga ƙarƙashin daro. "Shanya shi muka yi."

"Kuka yi me?"

"A rana. Yini biyu. Har da juyawa."

Mai Inji ya zauna a ƙasa. Dariya ta kama shi har ta daina fita da sauti, sai dukan cinya yake. Baƙi suka ɗauka, wani yana birgima, wani yana roƙon a sake faɗa masa daga farko don ya kai gida daidai. Da ƙyar Mai Inji ya iya cewa, "Man ya tashi ya bar muku ruwanku, bayin Allah! Ku taya ni ɗora inji, yanzu sai na wanke masa ciki kafin ya sake aiki."

Minista ya buɗe baki. "Ai na..." Ya haɗa ido da Gwaggo, sauran maganar ta maƙale. Ba shi take kallo ba ma, gabas take kallo, inda ɗan baƙi-baƙin nan ya zama hadari ya haɗe. Amalanke ta kama hanya tana ƙara, 'yan unguwa ba mai dariya ko ɗaya.

Aka zaro Yaya daga tsibi, shinkafa har cikin kunne. Ya dubi hadari, ya dubi tsibin jama'a, ya je ya zaɓo sanda mafi kauri ya danƙa wa ƙanensa.

"Jama'a, kowa ya ɗauko sanda. Inji ya samu, kuma wannan ba ya shan mai. Da na Gwaggo za a fara. Na Minista shi ne na ƙarshe."

Ya kama mazagin wandon Minista ya fizga kamar mai tayar da inji. "Tashi!"

Ya kuwa tashi a ja ɗaya. Ya tuɓe babbar riga ya faɗa wa shinkafar Gwaggo da duka kamar ita ta yi masa laifi. Maza suka jeru, mata suka kama sheƙa, ƙura ta tashi, tsawa na matsowa. In ya ɗan sassauta sai Mai Shayi ya ce, "Inji na tari, a ƙara masa ruwa!" a watsa masa kofi guda a ka. Tafinsa ya yi bororo ya fashe, bayansa ya riƙe, bai tsaya ba kuma bai yi jawabi ba. Aka ɗinke buhunan Gwaggo aka kai mata ɗaki a bushe. Ta bi bayan buhunan tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya tana sa wa jama'a albarka, ba ta ware Minista a ciki ba. Aka wuce tsibi na gaba, da na gaba, ana tsere da sama.

Sanda ta farko da ta sauka a kan tsibin Minista, tare ta sauka da ɗigon farko. Kafin a warware tamfol sama ta ɓalle. Aka ja abin da aka iya ja, aka lulluɓe abin da ya lulluɓu, sauran ruwa ya yi yadda ya ga dama da shi. Mutane suka fake a ƙarƙashin rumfa suna haki. Minista ya tsaya a fili, sanda a hannu, yana kallon noman shekararsa yana shan ruwa. Ya san abin da zai tsira ba zai kai rabi ba, kuma wannan karon da gaske ya sani.

Matarsa ta fito daga rumfa ta zo ta tsaya kusa da shi, ta kifa musu baho ɗaya a ka su biyu. Suka daɗe ruwa na kiɗa a kansu.

Can ya yi gyaran murya, a hankali ya ce, "Gobe in rana ta fito, sai mu shanya."

Ta dube shi ta gefen ido.

"Wannan kam ka iya," ta ce. "Riƙe bahon da kyau, kafaɗata na jiƙewa."